Koci Malami Ne Ba Boka Ba: Abin Da Bauchi Za Ta Koya Daga Randy Waldrum

Duk inda 'yan Arewa suka taru a nan Kudu, ko a teburin mai shayi a Agege, ko a rumfunan goro a Shagamu, ko a Sabo ta Badun bayan sallar lisha, da wuya hira ta yi nisa ba a gangaro kan tamaula ba. In kuwa akwai mutumin Bauchi a wurin, to, tambaya ba ta wuce biyu: yaya Wikki ta kwashe a wasan makon jiya, kuma yaushe za a kori koci? Da an ci kulob ɗin sau biyu a jere sai a ce mai koyarwar ya gaza. In a gida aka ci shi, sai a ce an saye shi, ko kuma a ce ba shi da farar ƙafa, a nemo wani. Wasu ma su kan ƙara da cewa ai maganin abin shi ne a ɗauko Bature.

To, da ya ke an ambaci Bature, ya kamata a dubi labarin wani da aka ɗauko ba da daɗewa ba, watau Randy Waldrum, mutumin Amurka wanda ya riƙe kulob ɗin mata na Nijeriya, Super Falcons, daga 2020 zuwa 2024. Akwai masu karatu da dama waɗanda ba ruwansu da wasan mata, wasunsu ma ba su yarda da shi ba sam. Wannan ra'ayinsu ne. Amma darasin da ke cikin rayuwar wannan mutum ya shafi aikin koyar da wasa ne, da yadda a ke riƙon mai yinsa, ko maza ya ke koya wa ko mata. Kuma a duk Arewa da wuya a sami garin da ya fi Bauchi bukatar wannan darasi.

DAGA MAKARANTA YA FARO

An haifi Waldrum a 1956 a garin Irving, cikin Jihar Teksas. Wurin ba gidan tamaula ba ne. Abin da jama'ar can su ke hauka a kansa shi ne wata ƙwallo mai siffar ƙwai, wadda a ke runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hulunan kwano suna karo kamar raguna. Ita ce su ke kira ƙwallon ƙafa. Irin wadda a ke bugawa a Ikko da Bauchi kuwa, a zamanin ƙuruciyarsa ba ta da wani martaba a wurinsu. Duk da haka ita ya zaɓa. Ya buga ta a Jami'ar Midwestern State, da ya gama kuma ya shiga koyar da ita, tun daga makarantar sakandare da ƙananan kwalejoji. A 1989 ya sami aiki a Jami'ar Tulsa, inda ya haɗa kulob ɗin maza da na mata ya riƙe. A 1996 ya fara da kulob ɗin mata na Jami'ar Baylor, wanda kafin zuwansa babu shi, shi ya kafa shi tun daga tushe. A 1999 kuma babbar Jami'ar Notre Dame ta ɗauke shi.

A nan sai mai karatu ya tambaya, me ya haɗa jami'a da koci? Amsar ita ce a Amurka makaranta ce gonar wasanni. A 1972 Majalisar ƙasar ta kafa wata doka wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Saboda haka dole jami'o'i suka buɗe kulob-kulob na 'yan mata, suka ware musu guraben karatu kyauta, suka kuma ɗauki masu koya musu. Koci a can ma'aikacin jami'a ne, yana da ofis, yana da yarjejeniya a rubuce, albashinsa na zuwa kamar na sauran malamai. Yaran da ya ke koya wa ɗalibai ne, shekara huɗu za su yi su wuce, wasu su shigo. Wanda ke aiki a irin wannan wuri ba shi da halin sayo gwanaye daga kasuwa. Tilas ya koyar.

Kakar wasa 15 Waldrum ya yi a Notre Dame, daga 1999 zuwa 2013. Ya tarar da kulob mai ƙarfi, amma duk da haka sai a kakarsa ta shida, watau 2004, ya ɗauki kofin jami'o'in Amurka. Bayan nan ya sake yin shekara shida kafin ya ƙara ɗaukarsa a 2010. Sai mutumin Bauchi ya tsaya ya yi lissafi: wane koci ne za a bari ya shekara biyar a Wikki ba kofi, a kuma sabunta masa yarjejeniya?

Ba a ce kullum sa'a ya ke yi ba. A 2014 ya bar jami'a ya karɓi sabon kulob ɗin ƙwararru na Houston Dash, abin bai yi armashi ba, a 2017 suka raba gari. A wannan tsakanin ne kuma ya karɓi kulob ɗin mata na ƙasar Trinidad da Tobago, ba tare da albashi ba. A watan Oktoba na 2014 'yan wasan suka sauka birnin Dalas don shirin gasa da dala 500 kacal, ba kayan atisaye, ba kuɗin abinci. Sai Waldrum ya fito ya roƙi jama'a taimako a intanet. Hukumomin ƙasar suka ji kunya, suka ji haushi, har ya nemi gafara, amma taimako ya zo. Kulob ɗin ya kai bakin ƙofar Gasar Kofin Duniya, sai a wasan ƙarshe, cikin Disamba na wannan shekara, ƙasar Ekwado ta jefa musu ƙwallo ɗaya ana dab da tashi. Tun daga nan aka san halinsa: mutum ne wanda in an bar 'yan wasansa da yunwa ba ya iya yin shiru.

A ƙarshen 2017 ya koma inda ya fi wayo, Jami'ar Pittsburgh ta ba shi kulob ɗinta na mata, wanda a lokacin kowa ke lallasawa. Shekarar farko an sha cinye su. Ba wanda ya kore shi. A kakarsa ta biyar, 2022, suka shiga gasar jami'o'i ta ƙasa karo na farko a tarihin makarantar, a 2023 kuma suka kai sahun takwas na ƙarshe.

ZUWANSA NIJERIYA

Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, watau NFF, ta fara ambatar sunansa a 2017, maganar ba ta ƙullu ba, aka ba Thomas Dennerby mutumin Suwidin. Sai a watan Oktoba na 2020 aka naɗa shi, ya kuwa karɓa ba tare da ya ajiye aikinsa na Pittsburgh ba.

Farkon abin bai yi daɗi ba. Mazauna Ikko za su tuna da watan Satumba na 2021, lokacin da Afirka ta Kudu ta ci Nijeriya 4 da 2 a filin wasa na Onikan, a gasar Kofin Aisha Buhari. A Gasar Kofin Afirka ta 2022 a Maroko, Afirka ta Kudu ta sake cin Nijeriya 2 da 1. A wasan kusa da na ƙarshe alƙalin wasa ya ba 'yan Nijeriya biyu jan kati, Halimatu Ayinde haifaffiyar Kaduna da Rasheedat Ajibade, sauran tara suka dage har aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida, Maroko ta yi nasara. Kafin wasan neman na uku 'yan wasan suka ƙi fita atisaye saboda ba a biya su alawus ɗinsu ba, Zambiya ta ci su 1 da nema. Ƙasar da ta saba ɗaukar kofin ta dawo gida a ta huɗu. Jaridu suka yi ca, a kore shi.

Ana saura makonni kaɗan a fara Gasar Kofin Duniya ta 2023 sai ya fasa ƙwai. A wata hira da aka yi da shi ya ce sai da ya bi hukumar bashin albashin wata 14 kafin a biya shi na wata bakwai. Ya ce akwai 'yan wasan da suka daɗe suna bin nasu haƙƙin. Ya kuma tambaya ina aka kai dala 960,000 da FIFA ta ba kowace ƙasa don shiri. Hukumar ba ta amince da maganganunsa ba, kakakinta ya mayar masa da martani mai zafi, har da cewa ba a taɓa yin kocin da ya kai shi gazawa ba. Kowa ya ɗauka kulob ɗin zai je Ostareliya ya sha kunya.

Abin da ya faru kuwa sananne ne. Ran 21 ga Yuli suka yi canjaras da Kanada, mai riƙe da zinariyar wasannin Olimfik, mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie ta tare fenariti. Ran 27 ga wata suka ci masu masaukin baƙi, Ostareliya, 3 da 2 a gaban jama'arsu. Suka yi canjaras da Ailan, suka wuce zagaye na biyu. Ran 7 ga Agusta suka riƙe Ingila, zakarar Turai, minti 120 ba ci, sai a bugun daga kai sai mai tsaron gida aka fitar da su 4 da 2. Wanda ya kalli waɗannan wasanni ya ga kulob da aka koya wa aiki: kowace 'yar wasa ta san inda za ta tsaya in ƙwallo ta kuɓuce, baya a rufe, ba mai gudun banza. A Afrilu na 2024 suka fitar da Afirka ta Kudu, suka sami shiga Olimfik karo na farko tun 2008. A Faransa kuwa Barazil da Sifen da Japan duk suka cinye su. A watan Satumba na 2024 ya ajiye aiki, ya ce rashin lafiyar matarsa ne dalili.

MASU SUKA SUNA DA TA CEWA

Masu sukar Waldrum suna da hujjoji, kuma ba a rasa gaskiya a cikinsu ba. Na farko, shekara huɗu ya yi bai kawo kofi ko ɗaya ba. Na biyu, bai zauna a ƙasar nan ba, ƙafa ɗaya a Amurka ɗaya a Nijeriya, saboda haka ba shi da lokacin zagaya filayen gida ya ga 'yan wasa da idonsa, ya fi karkata ga 'ya'yan Nijeriya da aka haifa ko suka tashi a waje. Na uku, wanda ya gaje shi, Justine Madugu ɗan Jihar Adamawa, bai cika shekara guda ba ya ɗauko Kofin Afirka. Ran 26 ga Yuli 2025 a birnin Rabat, Maroko ta fara jefa ƙwallo biyu, Nijeriya ta farke ta ƙara, aka tashi 3 da 2, kofi na goma ke nan. Sai su ce, to, ina amfanin Baturen?

Wannan hujja ta uku ita ce ma ta fi ƙarfafa maganar da a ke yi. Madugu ba daga sama ya faɗo ba, mataimakin Waldrum ne, tare suka yi aikin, ya san 'yan wasan ciki da bai. Biyu daga cikin ukun da suka ci ƙwallo a wasan ƙarshen, Esther Okoronkwo da Jennifer Echegini, a hannun Waldrum suka fara sa rigar Nijeriya. Abin da ya ci kofin shi ne ɗorewa, watau an bar gini a kan tushensa, ba a rushe an sake sabo ba, sa'an nan aka miƙa wa ɗan gida wanda ya san aikinsa. Wannan ya nuna abu biyu: ɗan ƙasa ya iya, kuma iyawar ba ta fitowa sai an ba ta lokaci. Ko Clemens Westerhof mutumin Holan, wanda har gobe a ke yabo, a 1989 ya zo, sai a 1994 ya ɗauki Kofin Afirka.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Me ya ba Waldrum bakin magana? Ba wai ya fi 'yan ƙasa zuciya ba ne. Tuwonsa ne ba ya hannun hukumar. In an kore shi yau, gobe yana ofishinsa a Pittsburgh, albashinsa na tafiya. Kocin gida da ke bin bashin wata bakwai ba shi da wannan gata. Yana da iyali, yana da kuɗin haya, ya kuma san in ya buɗe baki ba nan kaɗai za a rufe masa ƙofa ba. Sai ya haɗiye. In wani babba ya aiko da sunan yaronsa a sa shi a wasa, sai ya sa. Ran da aka ci kulob kuma shi za a nuna wa yatsa. Hatta marigayi Stephen Keshi, wanda ya ɗauko Kofin Afirka a 2013, sai da ya yi watanni yana bin albashinsa. In haka ta sami Keshi, ina ga mai koyar da kulob ɗin jiha?

A DAWO BAUCHI

Bauchi ba baƙuwa ba ce a sha'anin wasanni. Sau biyu ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa, a 1991 da 2000. Filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga wasannin Kofin Duniya na matasa a 1999, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Ɗan jihar, Alhaji Sani Ahmed Toro, shi ne sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a zamanin da Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka na 1994 da zinariyar Olimfik ta 1996. Wikki Tourists kuwa, wadda aka kafa a 1991 aka ba ta sunan maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1998 bayan ta doke maƙwabciyarta Plateau United a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Kuma ba a ce gwanayen masu koyarwa ba su ratsa Bauchi ba. A dubi 2016. A ƙarƙashin Abdu Maikaba Wikki ta zo ta uku a gasar kulob-kulob ta ƙasa, bayan Rangers ta Inugu da Rivers United. Ɗan wasanta Godwin Obaje shi ya fi kowa cin ƙwallo a wannan kaka, guda 18. Kulob ɗin ya sami tikitin zuwa gasar Afirka. A wurin da aka san darajar malami, wannan ne lokacin da za a zaunar da shi, a ƙara masa yarjejeniya, a tambaye shi abin da ya ke bukata. Amma kafin a shiga kaka ta gaba Maikaba ya koma Akwa United. A 2017 wani kulob na sojojin Saliyo ya fitar da Wikki tun a zagayen share fage. A wannan shekarar dai, a filin wasa na Agege, a gaban idon 'yan Arewa mazauna Ikko, Maikaba ya ɗaga kofin ƙasa da mutanen Uyo.

Ba shi kaɗai ba ne. Aliyu Zubairu ya taɓa riƙe Wikki, amma da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ya ɗauki kofin ƙasa a 2024, a Onikan. Ladan Bosso ya riƙe ta, ya kuma riƙe kulob ɗin matasa na ƙasa. Usman Abdallah, wanda ya ci gasar ƙasa da Enyimba a 2019, shi ma ya zo Bauchi, bai daɗe ba. Kowane da dalilin tafiyarsa, wani an sallame shi, wani ya ga gaba ta fi. Amma in gida ɗaya ya yi ta karɓar baƙi na kirki suna fita, ruwa ba ya tsami banza. A 2023 Wikki ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2025 ta samu ta farfaɗo ta dawo. Shekara biyu magoya bayanta da ke Kudu ba su gan ta a manyan filaye ba.

Tushen ciwon ba ɓoyayye ba ne, kuma ba Bauchi kaɗai ke fama da shi ba. Kulob na gwamnatin jiha ne. Kuɗinsa sai an rubuta takarda, ta bi ofis-ofis, ta jira sa hannu. Shugabanninsa naɗin siyasa ne, in gwamnati ta sauya su ma sai su sauya, sabon shugaba kuma ya zo da nasa koci. Shi sabon kocin ya san kwanansa ƙidayayye ne, don haka ba zai ɓata lokaci a kan yaron Wunti ko na Jahun mai shekara 17 ba, wanda sai an shekara biyu a kansa kafin ya nuna. Gara ya kwaso tsofaffin 'yan wasa daga wasu kulob-kulob, waɗanda za su ba shi maki yau. Kaka na ƙarewa su watse, shi ma ya ƙara gaba. Kuɗi sun tafi, ba a gina komai ba. A irin wannan tsari an mai da koci boka: a kira shi da daddare, a ce ya yi aiki kafin gari ya waye, in bai ci ba a nemo wanda ya fi shi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Abu na farko yana wuyan masu kulob. A ba koci yarjejeniya a rubuce wadda ba ta gaza shekara uku ba, a faɗi abin da a ke nema gare shi kowace shekara, a kuma rubuta abin da za a biya shi in aka sallame shi kafin wa'adi. In korar koci tana da tsada, za a daina yinta cikin fushi. Albashinsa da na 'yan wasa ya riƙa fita ran da na sauran ma'aikatan jiha ya fita. Zaɓen wanda zai buga wasa kuma a bar masa, tun da shi za a tuhuma. Sa'an nan a ɗaura masa mataimaki ɗan jihar, wanda zai koya a hannunsa ya gaje shi, kamar yadda Madugu ya gaji Waldrum.

Na biyu yana wuyan makarantu, don icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Bauchi tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana da kwalejojin kimiyya da fasaha biyu a cikin gari, ta tarayya da ta Tatari Ali, ga kwalejojin horon malamai a Azare da Kangere. Me zai hana kowacensu ta ɗauki koci mai takardar shaida a matsayin cikakken ma'aikaci, wanda tuwonsa bai rataya ga wasan Asabar ba? Arewa ta riga ta ga amfanin haka. Oliver Johnson, shi ma Ba'amurke, ya yi shekara da shekaru yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya shugabanci kulob ɗin Toronto Raptors lokacin da ya ɗauki babban kofin ƙwallon kwando na Amurka a 2019. Abin da Johnson ya fi sauran baƙi da shi zama ne, ya zauna wuri ɗaya har itacen ya yi 'ya'ya. Manu Garba na Gombe, wadda ke cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin 1996, ya nuna abin da ɗan wannan yanki zai iya in an ba shi yara da lokaci: a 2013 ya ɗauko Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, bayan an ci Meziko 3 da nema a Abu Dabi.

Wani zai ce jihar da ke neman magani a asibiti da benci a aji, ina ita ina maganar tamaula? Maganarsa tana kan hanya. Sai dai ba ƙarin kuɗi a ke nema ba. Kuɗin da a ke zubarwa kowace kaka wajen sayo sababbin 'yan wasa da sallamar tsofaffi, da a ce rabinsu ya tafi ga malamai da yara, da an ga bambanci. Kuma duk wanda ya san garin Bauchi ya san abin da zaman banza ke yi wa samari, an ga zamanin sara-suka. Yaron da ya san ƙarfe huɗu na yamma akwai malamin da ke jiransa a fili, wanda zai tambaye shi dalilin rashin zuwansa jiya, ya rage lokacin da zai ba 'yan ƙwaya.

Na uku yana wuyan 'yan Bauchi mazauna Kudu. Akwai su a Mile 12 da Alaba Rago da mayankar Oko-Oba, akwai su a Bodija da Fatakwal da Anaca, kuma kusan ko'ina suna da ƙungiyoyinsu na ci gaban gari. An saba in za a je gida da salla a sayi kofi a sa wa samari, a yi kwana uku ana wasa, a ɗauki hoto, a watse. Ba laifi ba ne. Amma a kowace unguwa, daga Kobi zuwa Yalwa, akwai wani bawan Allah da ke tara yara kullum yamma a filin firamare, da ƙwallo ɗaya mai faci, ba mai biyansa ko kwabo. Shi ne kocin gaskiya na garin. Cibiyar Koyar da Wasanni ta Ƙasa tana nan Surulere, a ƙofar gidan mazauna Ikko. Ƙungiya ɗaya za ta iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya irin wannan ya zo ya yi kwas, ta ba shi masauki, ya koma gida da takardar shaida. In ƙungiyoyi goma suka yi haka, cikin 'yan shekaru Bauchi ba za ta rasa masu koyarwa na kanta ba. Kuma duk ran da Wikki ta zo wasa Kudu, a fita a mara mata baya, in an ci ta a yi haƙuri, kada a zama su ne na farko wajen bugo waya gida a ce a kori koci.

Randy Waldrum ya zo ya tafi, bai bar kofi ba, ya dai bar kulob wanda ya san aikinsa, da mataimaki wanda ya ƙarasa. Bai zo da laya ba. Abin da ya kawo ya samo shi ne daga shekaru fiye da 30 a makarantun da suka ɗauke shi malami, suka biya shi a kan lokaci, suka jure masa shekarun rashi. Bauchi tana da yara, tana da fili, ta kuma sha ganin gwanayen malamai suna shiga suna fita. Abin da ya rage mata shi ne ta koyi riƙo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu iko da masu kallo su gane.